Manhajar LPO: Yadda Ake Tsara Ta Don Sashen Kuɗi Na Kamfani

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Yau za mu taɓa wani fanni da ba shi da farin jini a hirar matasa masu koyon haɗa manhaja. Ka tambayi mutum goma me suke son ginawa, kusan duk amsar ɗaya ce: manhajar kai saƙo, manhajar tura kuɗi, ko kasuwar intanet. Amma akwai wani ɗaki a kowane kamfani inda kuɗi ke zurarewa shiru, ba a ji ba a gani, kuma har gobe da littafi da biro da WhatsApp ake tafiyar da shi. Ɗakin sayayya kenan. Kamfanin casar shinkafa, asibitin kuɗi, makaranta mai zaman kanta, gidan mai, kamfanin gine-gine, duk suna sayen kaya kullum. Idan sayayya ta lalace, riba ce ke fara tafiya, daga nan albashi ya fara jinkiri, daga nan a rage ma'aikata. Kuma kun san su wa ake fara sallama: mu matasa.

Saboda haka yau tambayarmu ita ce: idan za ka zauna ka tsara manhajar odar sayayya wadda akanta da manajan kuɗi za su yarda da ita, me ya kamata ka sani?

MENE NE LPO TUKUNA?

Duk wanda ya taɓa kai kaya wani ofis ya ji ana cewa "an ba shi LPO". Takarda ce da mai saye yake ba mai kawo kaya, ɗauke da lamba ta musamman, tana cewa: muna son kaya kaza, adadi kaza, a kan farashi kaza, a kawo rana kaza a wuri kaza, za mu biya bayan kwana kaza. Da zarar mai kawo kaya ya karɓa ya amince, ta zama alkawari tsakaninsu.

Kada a haɗa ta da sauran takardu. Akwai takardar buƙata, wadda ma'aikaci yake rubutawa a cikin gida yana cewa ana bukatar abu kaza. Akwai takardar neman biya, wadda 'yan ofis ke kira inbois, ita kuma daga mai kawo kaya take fitowa bayan ya kawo. Akwai rasit, shaidar an biya. LPO tana zuwa ne kafin a kashe ko sisi. To nan darajarta take. Inbois da rasit labarin abin da ya riga ya faru suke bayarwa. Ita kuwa tana ba kamfani damar cewa "a'a" tun kuɗi na aljihu.

Tafiyar gaba ɗaya mataki shida ce: buƙata, amincewa, fitar da oda, karɓar kaya, neman biya, sannan biya. Manhajarka ba ta da wani aiki da ya wuce ɗaure waɗannan shida da igiya ɗaya, yadda ba za a tsallake wani ba tare da an bar sawu ba.

WA KAKE GINA WA?

A nan mutane da yawa ke kuskuren farko. Sai mutum ya ɗauka aikin shi ne ya yi fom mai kyau da ke fitar da takarda mai tambarin kamfani. Wannan ko Word ma ya iya. Sashen kuɗi ba takarda suke nema ba, amsa suke nema ga tambayoyi uku. Nawa muka riga muka yi alkawarin kashewa? Wa ya ba da izini? Abin da za mu biya, shi ne abin da muka karɓa?

Mu ɗauki ta farko, domin ita ce ba a cika ganewa ba. A ce kamfanin casar shinkafa ya ware naira miliyan 10 don gyaran injina a wannan wata. An biya miliyan 4. Idan manaja ya duba asusu, zai ga kamar saura miliyan 6. Amma ashe akwai oda biyu da aka fitar na miliyan 5, kayan na hanya, ba a biya ba tukuna. Gaskiyar abin da ya rage miliyan 1 ne, ba 6 ba. Kuɗin nan miliyan 5 suna banki, amma ba na kamfani ba ne kuma, an riga an ɗaura musu aure.

Don haka a kowane layin kasafi, manhajarka ta nuna lamba huɗu: abin da aka ware, abin da aka biya, abin da aka yi alkawari, da abin da ya rage da gaske. Kuma ta nuna wa mai sa hannu waɗannan lambobi a daidai lokacin da zai danna amincewa, ba a wani rahoto da zai nema ƙarshen wata ba. Wannan abu ɗaya kaɗai ya isa ya sa manajan kuɗi ya gyara zama ya saurare ka.

ZUCIYAR MANHAJA: GWADA TAKARDU UKU

Idan za ka manta komai daga shirin yau, kada ka manta wannan. Kafin a biya, ana jera takardu uku gefe da gefe: odar da aka fitar, takardar karɓar kaya da mai kula da sito ya cike, da takardar neman biya. Idan sun yi daidai a biya. Idan ba su yi ba a tsaya.

Bari mu sa lambobi. A ce kamfanin ya yi odar buhunan zuba shinkafa guda 10,000 a kan naira 300 kowanne. Jimilla miliyan 3. Mota ta iso, aka ƙirga, aka samu 9,400. Bayan kwana biyu sai ga inbois: buhu 10,000 a kan naira 320, jimilla miliyan 3 da dubu 200. Me ya kamata a biya? Buhu 9,400 a kan farashin da aka yi alkawari, wato miliyan 2 da dubu 820. Tazarar naira dubu 380 ce, a oda ɗaya tak. Yanzu ka lissafa kamfanin da ke fitar da oda hamsin a wata, kuma babu mai jera takardun nan.

Ka lura, ba lallai ne a ce mai kawo kayan ɓarawo ne ba. Wataƙila sauran buhu 600 na zuwa mako mai zuwa. Wataƙila farashi ya tashi ya kira wani a waya aka ce masa ba komai. Shi ya sa tsarin bai kamata ya zama "daidai" ko "ba daidai ba" kawai ba. Ga abin da za ka tanada.

Na ɗaya, kaya na zuwa kashi-kashi. Oda ɗaya na iya samun karɓa uku da inbois biyu. Idan ka gina manhaja a kan cewa oda ɗaya karɓa ɗaya ce, inbois ɗaya, to a makon farko za ta karye. Gwajin a kan kowane layi ake yinsa, ba a kan jimilla ba.

Na biyu, a bar ɗan sarari. Dizal da aka sauke daga tanka, ko shinkafa shanshera da aka auna a sikeli, da wuya su zo daidai da abin da aka rubuta. Kamfani ya saka iyakar bambancin da zai haƙura da shi. Abin da ya gaza iyakar ya wuce, abin da ya haura ya tsaya sai wani ya duba ya rubuta dalili.

Na uku, ma'auni. An yi oda da katan, sito ya karɓa da dozin, inbois ya zo da guda-guda. Buhun kilo 50 da na kilo 25 duk sunansu buhu. Kowane kaya ya samu ma'auninsa na asali, da yadda ake juya sauran zuwa gare shi.

Na huɗu, wata dabara mai sauƙi: kada ka nuna wa mai sito adadin da aka yi oda a lokacin da yake karɓa. Idan ya ga 10,000 a fuskar waya, ga rana, ga direba na gaggawa, zai danna "ya cika" ya wuce. Idan gurbin babu komai, dole ya ƙirga.

WA ZAI SA HANNU?

Ƙa'idar da masu binciken kuɗi suka fi riƙewa ita ce rabon aiki. Wanda ya nemi kaya ba shi zai amince ba. Wanda ya amince ba shi zai karɓa ba. Wanda ya karɓa ba shi zai biya ba. Ba don kowa maci amana ne ba, sai don ba a ba mutum ɗaya makulli da ƙofa da kuma aikin gadi.

Na san abin da wasu za su ce: ai kamfanin namu na gida ne, manaja ƙanen Alhaji ne, mai sito ɗan 'yarsa ne, wannan tsari kamar rashin yarda ne. To ku tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutu ba zargi ba ne. Hasali ma mai gaskiya ya fi kowa amfana, domin ranar da lissafi ya ƙi fita, yana da abin nunawa.

A manhaja, amincewa kan bi matakan kuɗi. Misali, ƙasa da dubu 200 shugaban sashe ya isa, zuwa miliyan 2 sai manajan kuɗi, sama da haka sai mai kamfani. Waɗannan lambobin kamfani ne zai saka da kansa, kada ka dasa su a cikin lambobin manhaja. Amma da zarar ka sa iyaka, ka sani an samu hanyar zagaye ta: raba oda. Kayan dubu 570 sai a mayar da su oda uku na dubu 190, kowacce ta wuce ta ƙarƙashin waya. Manhaja mai hankali tana kallon odar da aka ba mai kawo kaya ɗaya, a kan kaya iri ɗaya, cikin 'yan kwanaki, ta haɗa su ta ɗaga tuta.

Sai kuma babban abokin gaba, wanda ba ɓarawo ba ne: jinkiri. Injin ya tsaya, ana bukatar bel yau, oga yana Umara, wayarsa a kashe. Idan manhajarka ba ta da amsa ga wannan rana, ma'aikata za su saya da kuɗin aljihu, su dawo su cike oda bayan an gama komai. Ko kuma, mafi muni, oga ya ba sakatarensa kalmar sirrinsa ya ce "ka riƙa dannawa". Daga ranar duk sa hannun da ke cikin manhajar ya zama ƙarya.

Maganin abu uku ne. A samar da wakilci: oga ya miƙa ikonsa ga wani na kwanaki ƙayyadaddu, kuma manhaja ta rubuta cewa wane ne ya amince a madadin wane. A samar da hanyar gaggawa mai iyakar kuɗi, wadda ke bari a saya yanzu a duba daga baya, amma kowane amfani da ita ya fito fili a rahoton wata. Sannan amincewa ta zama abin daƙiƙa talatin a waya: me ake saye, nawa, daga wa, saura nawa a kasafi, nawa aka saya a karon baya. Duk tsarin da bin sa ya fi kauce masa wahala, kauce masa za a yi.

RAJISTAR MASU KAWO KAYA

Ga labarin da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. Tsakanin 2013 da 2015, wani mutumin ƙasar Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani a Latbiya da suna iri ɗaya da Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke hulɗa da manyan kamfanonin fasaha. Ya riƙa aika saƙonnin imel da takardun neman biya na bogi zuwa Google da Facebook, su kuma suna turawa asusunsa. Abin da ya karɓa ya haura dala miliyan 100. A ƙarshen 2019 wata kotu a Amurka ta yanke masa shekara biyar.

Ku duba da kyau. Bai fasa kwamfutar kowa ba. Sunan da aka sani ya ɗauko, ya maƙala masa lambar asusun da ba a sani ba. Idan hakan ta faru da Google, to kamfanin da ke Sharaɗa ko Bompai fa?

Darasin shi ne, wuri mafi haɗari a manhajarka ba maɓallin biya ba ne, gurbin lambar asusun mai kawo kaya ne. Canza wannan lamba ya zama aiki mai nauyi. Wanda ya shigar da canjin daban, wanda ya amince daban. A kira mai kawo kayan a tsohuwar lambar wayar da ke rajista, ba wadda ta zo tare da saƙon canjin ba. A Najeriya muna da sauƙi ɗaya: idan ka saka lambar asusu mai lamba goma, banki na nuna sunan mai shi. Sunan ya dace da na kamfanin da ke rajista. Idan oda ta kamfani ce amma asusun na wani mutum ne daban, a tsaya.

Rajistar ta ɗauki lambar CAC da lambar haraji ta TIN ga waɗanda ke da su. Manhaja ta hana shigar da kamfani ɗaya sau biyu da ɗan bambancin rubutu. Ta yi ƙara idan masu kawo kaya biyu suna amfani da asusu ɗaya, ko asusun mai kawo kaya ya zo ɗaya da wanda ake biyan wani ma'aikaci albashi. Kuma ta ƙi karɓar inbois mai lamba ɗaya daga mutum ɗaya sau biyu. Biya sau biyu na faruwa ko babu mugun nufi: an aiko ta WhatsApp, an kuma kawo ta hannu, mutum biyu suka shigar.

BABU MAƁALLIN GOGEWA

Mu masu amfani da waya mun saba: ka yi kuskure, ka goge, ka sake. A lissafin kuɗi ba haka ba ne. Odar da aka amince da ita ba a goge ta, ba a kuma gyara ta a ɓoye. Ana iya soke ta, amma ta zauna da tambarin "an soke", da sunan wanda ya soke, da lokaci, da dalili. Idan farashi ko adadi ya canza, sabon kwafi ake fitarwa, tsohon na nan, kuma idan kuɗin ya ƙaru ta koma neman amincewa. In ba haka ba, sai a samu sa hannu a kan dubu 190, daga baya a mayar da ita dubu 900. Aringizo kenan da lasisi.

Lambobin oda su bi juna ba tsallake. Idan odita ya ga 141 sai 143, tambayarsa ta farko ina 142 take, kuma dole manhaja ta iya amsawa.

Wannan tsauri yana da tarihi. Bayan rugujewar kamfanin Enron a 2001, Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su nuna cewa suna da matakan tsaro na cikin gida a kan lissafinsu, shugabanninsu kuma su sa hannu da kansu a kan rahoton kuɗi. Dokar ba ta hau kan ɗan kasuwar Kano ba, amma ranar da kamfaninsa zai nemi rancen banki ko mai zuba jari, irin tambayoyin nan za a yi masa.

ƘANANAN ABUBUWA DA KE KAYAR DA GWANI

Yanzu ga 'yan fasaha kai tsaye. Kada ka ajiye kuɗi a irin lambar kwamfuta mai ɗigo da ke shawagi. Buɗe Python ko JavaScript ka haɗa 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. A wasa ba komai, a lissafin dubban layuka sai jimilla ta saɓa da kobo ɗaya, kuma akanta ba zai rufe wata da saɓanin kobo ɗaya ba. Ka ajiye kuɗi a matsayin kobo, cikakkiyar lamba, ko ka yi amfani da nau'in da aka tanada don kuɗi.

Haraji ma haka. A Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. Duk wanda ya dasa 5 a cikin manhajarsa sai da ya koma tona ta. Adadin haraji ya zauna a jadawali mai ranar farawa, kuma kowace takarda ta riƙe adadin da ya hau kanta a lokacinta. Ba kowane kaya ne ma VAT ke hawa ba, don haka layi-layi ake saka shi. Akwai kuma harajin da mai saye ke cirewa daga kuɗin ɗan kwangila ya miƙa wa hukuma a madadinsa. Manhaja ta nuna wa mai kawo kaya wannan cirewa a fili, in ba haka ba zai ga alat bai cika ba, rigima ta tashi.

Sai canji. Kafin Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ya yi odar kayan gyara da dala, farashin ranar oda daban, na ranar karɓa daban, na ranar biya daban. Ka ajiye kuɗin asali da farashin canji na kowace rana daga cikin ukun. Kuma kowane farashin da mai kawo kaya ya bayar ya zo da ranar ƙarewarsa.

A GINA TA DON INDA ZA A YI AIKI DA ITA

Mai sito ba ya zaune gaban kwamfuta cikin sanyin AC. Yana bakin mota, da ƙaramar Android, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Shafinsa ya zama mai sauƙi: zaɓi oda, saka adadi, ɗauki hoton webil, tura. Ya yi aiki ko babu sabis, ya aika idan ya dawo. Amma lambar oda da amincewa daga uwar manhaja kaɗai za su fito, don kada wayoyi biyu su ba da lamba ɗaya.

Mai kawo kaya kuma kada ka tilasta masa sauke manhaja. Ɗan kasuwar Singa ba zai buɗe asusu don ya sayar maka da katan ashirin ba. A aika masa oda a PDF ta WhatsApp, da hanyar da zai tabbatar ta gaske ce, domin LPO na bogi ma hanya ce da ake damfarar 'yan kasuwa: a kawo takarda mai tambarin babban kamfani, a kwashi kaya bashi, a ɓace.

Akanta kuwa, ka ba shi maɓallin fitar da komai zuwa Excel. Kada ka yi faɗa da Excel, ba za ka ci ba. Kuma ka tabbata bayananka na iya shiga manhajar lissafin da yake amfani da ita, QuickBooks ce ko Sage, don kada ya shigar da abu ɗaya sau biyu.

Akwai rahoto ɗaya da nake so kowa ya saka: jerin waɗanda suka kawo kaya ba a biya su ba, da kwanakin da suka yi suna jira. Sau da yawa ana tsara irin wannan manhaja don kare kamfani kaɗai. Amma matashin da ya ci bashi ya kawo kayan miliyan ɗaya, aka ce masa kwana 30, ya shiga wata na huɗu yana sintiri ana ce masa "fayil ɗinka na sama", jarinsa ne ke mutuwa. Idan mai kamfani na ganin wannan jeri kowace Litinin, fayil zai daina ɓata, kuma "na goro" kafin a tura takarda gaba zai yi wuya.

TO AI AKWAI MANYA A FAGEN

Gaskiya ne. SAP na Jamus ya sayi Ariba a 2012 a kan sama da dala biliyan 4. An sayar da Coupa a 2023 a kan kimanin dala biliyan 8. Oracle ma na ciki. Wannan ya nuna muku girman kasuwar. Amma waɗannan an gina su ne don manyan kamfanoni, da kuɗin dala, da ƙwararrun da za su shafe watanni suna girkawa. Kamfani mai ma'aikata arba'in ba zai iya ba.

A tsakiya akwai Odoo daga Beljiyam da ERPNext daga Indiya, waɗanda lambobinsu a buɗe suke, kowa na iya dubawa. Shawarata, kafin ka rubuta layi ɗaya, girka ERPNext ka bi sayayya ɗaya daga buƙata har biya. Za ka ga tambayoyin da wasu suka shafe shekaru suna amsawa. Wataƙila ma ka gano sana'arka ba gina sabuwa ba ce, girkawa da daidaitawa da horar da ma'aikata ce. Wannan ma abinci ne, kuma mai ɗorewa.

Bayan haka ka nemi akanta ɗaya ya bar ka ka zauna kusa da shi a kwanaki uku na ƙarshen wata. Kada ka tambaye shi wace manhaja yake so. Kalli abin da yake nema a cikin fayil, wa yake kira a waya, me ke sa shi tsaki. Nan aikinka yake. Ka fara da abu uku kawai: oda mai amincewa, karɓar kaya, da gwada takardu uku. Sauran su biyo baya.

Abu na ƙarshe, don kada ka yi wa kwastoma alkawarin da ba za ka cika ba. Manhaja ba ta hana mutum uku haɗa baki. Ba ta kuma gyara mai kamfanin da ya mayar da asusun kamfani aljihunsa, ya kira kashiya ya ce a tura, takarda ta biyo baya. Abin da take yi shi ne ta sa cuta ta buƙaci mutane da yawa, ta kuma bar sawu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikinka toshe tsagar, amma sai mai gidan ya yarda shi ma zai riƙa bi ta ƙofa. Idan bai yarda ba, ka faɗa masa gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗinsa.

Nan za mu dakata. Idan kana da aboki akanta, ko 'yar'uwa da ke koyon haɗa manhaja tana neman aikin kammala karatu mai ma'ana, tura musu wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.